Dogon Yaro Mai Ba da Shaida

Ina so in yi muku bayanin wani darasi da ya sa na daina kallon itatuwan garinmu kamar dā.

A gidanmu a Sabon Birni, in zazzaɓi ya kama yaro, kakata takan aike ni in karyo ganyen dogon yaro a dafa a yi masa surace, wani lokaci har ya kurɓa. Ni kuwa saboda ƙyuya, sai in nufi na bakin tasha, don shi ya fi kusa. Haka nake yi har ran da malaminmu na kimiyya ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya sami auduga mai tsabta ya jiƙa, ya goge ganye goma na itacen bakin hanya, sa'an nan ya goge goma na irinsa a wurin da mota ba ta zuwa. Na goge na tasha, inda motocin Isa da Shinkafi ke lodi, na kuma gangara fadama na goge wani. Audugar fadama ta fito da ja-ja, irin ƙurar hunturu. Ta tasha kuwa baƙa ƙirin, sai ka ce gindin tukunya na shafa.

Malam ya ce kada mu yi saurin yanke hukunci, domin baƙi kaɗai ba ya nuna guba. Yawancinsa hayaƙi ne. Abin tsoro shi ne ƙarafan da ido ba ya gani, masu bin wannan hayaƙi da ƙura. Akwai tutiya daga tayar da ke cinyewa, da jan ƙarfe daga birki, da kuma uwa uba dalma, wadda ke cikin batirin mota da tsohon fenti. Tun 1923 aka fara sayar da fetur mai haɗe da dalma a Amurka, aka yi ta ƙona shi a duniya shekara da shekaru. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun gama barinsa a farkon 2006, ta ƙarshe a duniya kuwa, watau Aljeriya, sai 2021. Amma dalma ba ta ruɓewa. Wadda ta zuba a bakin hanya tana nan cikin ƙasa, iska na tayar da ita.

Mu nan ba sai an kwatanta mana sharrinta ba. A 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can ba mota ce sanadi ba, dutsen zinariya ne da ake niƙawa cikin gidaje. Amma gubar ita ce dai, kuma ko kaɗan ce ta shiga jinin yaro tana dakushe masa ƙwaƙwalwa.

To, yaya za a san yawanta a iskar gari? Akwai na'urorin auna iska, sai dai suna da tsada, ga bukatar lantarki da mai tsaro. Itace kuwa yana nan tsaye dare da rana, ba albashi. Ɓawonsa mai kaushi da tsage-tsage yana kama ƙura yana riƙewa shekaru, ganye kuma yana ba da labarin 'yan watanni. Mai bincike zai zaɓi iri ɗaya, masu kusan girma ɗaya, ya kankaro ɓawo daga daidai tsayin mutum, don kada ƙasar da ruwan sama ke fantsamawa ta ɓata lissafi. A shanya, a niƙa, a narkar cikin ruwan asid, a sa a na'ura mai gane kowane ƙarfe ta irin hasken da yake sha. Dole a haɗa da itacen daji don kwatanci, in ba haka ba sai a ɗora wa mota laifin hunturu.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A 1980 wasu masana biyu na Jami'ar Ibadan, Osibanjo da Ajayi, suka auna ɓawon itatuwan birnin, suka ga dalma ta fi yawa inda motoci suka fi cunkoso. A ganina dogon yaro ya fi kowane itace dacewa da wannan aiki a ƙasar Gobir, domin tun da Turawa suka kawo shi daga Indiya ya cika ko'ina: tasha, kasuwa, makaranta, har bakin gona. Gawo ba zai yi ba, tun da yakan kaɗe ganyensa da damina.

Da na kai wa kakata audugar nan biyu, ta daɗe tana jujjuya baƙar, ta ce, "Ashe maigidan nawa, wannan kake kawo mini ina dafa wa ƙannenka?" Na ce ai wankewa na rage ƙurar ganye, amma sassaƙe ba ya wankuwa haka. Ta ce ba ruwanta da ragi. Yanzu duk sa'ad da aka ce ganye, fadama nake zuwa, in na dawo kuma sai ta duba ƙafafuna ta ga ko akwai laka.