Yadda ake rubuta shafin Alƙur'ani da hannu a yi masa zayyana

Aikin yana farawa ne daga tawada, kuma ba irin ta allo ba, wadda ruwa kaɗan ke wankewa. Ta takarda yambari ce: a jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, a dafa, a tace, a zuba ƙaro don ta kama. Idan ƙaron ya yi yawa, sai shafuka su manne da juna in damina ta zo.

Sai alƙalami. Ana yanko karan gamba busasshe, a fiƙe shi da aska, a tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada. Faɗin bakin nan shi ke ba da kaurin harafi, shi ya sa rubutun Kano yake fitowa ɓaro-ɓaro, na Barno kuwa da nasa salon. Marubucin kirki ba ya ba da aron alƙalaminsa.

Baƙi ake fara zubawa zalla, layi bayan layi, bisa ruwayar Warshu: fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Da yake ba a ɗinke takardun, a ƙasan shafi akan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba, don ko sun hargitse a iya jera su.

Bayan baƙi ya bushe sarai, a sake bin shafin da jar tawada a sa wasali. Hamza kuma ɗigon rawaya ce. Masu gaggawa a nan suke ɓata aiki, domin in ja ya taɓa ɗanyen baƙi, shi ke nan ya dame.

Zayyana ce ta ƙarshe. Ƙarshen aya ƴan da'irori uku ne a haɗe, aya ta biyar a yi mata kumsa, ta goma kuri. A gefen shafi a zana alamar sumuni, rubu'i, nisfi da izu, har izu 60 su cika. Manyan zayyanoni, masu murabba'ai da saƙa cikin ja da rawaya da baƙi, akan ajiye su ga farkon littafi da farkon surorin A'arafi, Maryam da Sad. Kewayen ake fara ja, sannan a cike launi, mai haske kafin mai duhu.

In an kammala, alaramma ya bi da duba harafi-harafi, sannan a haɗa takardun cikin tadarishi, a sa a gafaka.