Kafin Ka Sayi Kati, Buɗe Cikin Kwamfutarka Ka Gani

Sana'ata haɗa kwamfuta da gyaranta, kuma galibin aikina a ofisoshin masana'antu nake yinsa, tsakanin Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano. Akwai wata asara da nake yawan cin karo da ita a waɗannan wurare. Sai ka jawo aljihun teburin manaja ka tarar da katin girafik ko katin Wi-Fi sabo fil a kwalinsa, an saya da tsada, ya ƙi aiki, mai shago kuma ya ce ba a mayarwa. Sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ma haka. Aure ne aka ɗaura ba tare da bincike ba.

Wata rana da hantsi manajan wani kamfanin buhu a Sharaɗa ya kira ni. "Injiniya, don Allah ka leƙo, mun sayo kati ya ƙi shiga." Da na isa na tarar da Dell OptiPlex 7010, siririyar nan da ake kwantarwa a kan tebur, an buɗe murfinta. Yaron da ke zana musu tambarin buhu yana riƙe da GTX 1060 mai fanka biyu, an ma sa filaya an lanƙwashe ƙarfen bayansa don a tura shi da ƙarfin tsiya. Na haska fitilar waya a jikin fawa fak, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, na nuna wa manajan rubutun: wat 240. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko da ya shiga ba zai tashi ba. Shi kaɗai yana jan wat 120, kuma yana buƙatar wayar wuta mai baki shida, wadda babu ita a cikin wannan kwamfuta." Ya yi shiru, can ya ce, "Ai cewa aka yi shi ne mai ƙarfi." Gaskiya aka gaya masa, mai ƙarfin ne. Sai dai ba wanda ya tambayi wace kwamfuta za a saka wa.

Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu na hannu ne, tokumbo: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Kaya ne masu ƙwari, an yi su don aikin ofis, kuma suna daɗewa. Amma an auna musu komai daidai wa daida, ba rarar wuri, ba rarar wuta. Don haka kwamfutar ce ke zaɓar katin da za ta karɓa, kai naka ka gano abin da ta zaɓa.

Fara da ramin da katin zai zauna. Cire wuta, kwance murfi, ka dubi madabod. Tsofaffi tukuf suna da ramin PCI, wanda yawanci fari ne, wasu kuma da AGP na katin girafik wanda ya fito a 1997, an daɗe da daina yi masa kati. Tun wajen 2004 aka koma PCI Express, shi ne ake amfani da shi har yau. Dogon ramin, mai suna x16, na katin girafik ne. Ɗan gajeren, x1, shi ya fi karɓar katin Wi-Fi. Gajeren kati yana aiki a dogon rami, sabon kati kuma yana aiki a tsohon ramin PCI Express, illa dai gudunsa zai ragu. Amma katin PCI ba ya shiga PCI Express, duk da sunan ya yi kama. Na ga madabod da aka fasa wa rami saboda wannan kamar suna.

Sai girman akwati. Siririyar kwamfuta gajeren kati take ɗauka, mai gajeren ƙarfen baya. Idan za ka saya, buɗe kwalin a gaban mai shago ka tabbatar gajeren ƙarfen yana ciki, don sau da yawa shi ne ke ɓata a kayan hannu. A wasu sirara kuma dogon ramin yana dab da fawa fak, kati mai kauri ba zai samu wurin zama ba. Sa rula ka auna tsawo da kauri. Minti biyu ne.

Babbar magana ita ce wuta. Ramin x16 ba ya ba da fiye da wat 75, wasu ƙananan kwamfutocin ofis ma ba su kai haka ba, har akan rubuta iyakar a jikin bod ɗin. Katin da ya wuce wannan sai an ja masa waya daga fawa fak: mai baki shida tana ƙara wat 75, mai baki takwas wat 150. Nan ne ake kawo dabarar da nake tsoro, wato 'yar wayar da ke mayar da bakin SATA na hadis (hard disk) zuwa baki shida. Bakin SATA ba a yi shi don wannan nauyi ba. Yana zafi, robar ta narke, ta kan ma kama da wuta. A masana'antar da ke cike da buhu, roba ko auduga, wannan ba abin wasa ba ne. Canza fawa fak ɗin ma ba koyaushe yake yiwuwa ba, domin samfura irin OptiPlex 9020 bakin wutarsu na musamman ne, na kasuwa ba ya shiga kai tsaye.

Katunan da ke rayuwa da wutar rami kaɗai sanannu ne. GT 1030 wat 30 yake ci, ya isa aikin ofis, kallon kyamarorin tsaro da haɗa allo biyu. Iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, sunansu ɗaya amma na farkon ya fi gudu nesa ba kusa ba, saboda haka a karanta kwali. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna wajen wat 75, akwai kuma gajerunsu. RX 6400 na AMD wat 53 ne, sai dai ya fi sakewa a sababbin madabod. Mai aikin AutoCAD zai iya duba ƙananan Quadro irin P620.

A kamfanin buhun nan, GT 1030 muka saka. Muna gamawa sai ga wata sabuwa: allonsu tsoho ne, bakin VGA kawai gare shi, mai shuɗin kai da noti biyu. Katunan Nvidia daga jerin 10 zuwa sama sun bar tsohon tsarin VGA, bakin DVI ɗin da ke jikinsu kuma ba ya aiki da 'yar mahaɗar DVI zuwa VGA mai araha. Sai da muka nemo na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA. Kuma a tuna, idan an saka kati, wayar allo a jikin katin ake soka ta. An sha kira na a ce sabon kati ya kashe kwamfuta, in je in tarar wayar tana nan a tsohon bakinta na madabod.

Abin da ya fi ba manajan mamaki shi ne, nauyin da manhajar zanensu ta CorelDRAW ke yi musu ba daga girafik yake ba. RAM ɗinsu gigabait 4 ne, hadis ɗin kuma tsohon mai faifai, har kana jin ƙararsa. Da muka saka SSD muka ƙara RAM, sai ga fayil ɗin da ake zuwa shan shayi kafin ya buɗe yana buɗewa nan take. Kafin ka ce kati, tabbatar ciwon a nan yake.

A kula da jabu. An daɗe ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450, a sauya masa bayanin ciki ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Alama mafi sauƙi: idan ka ga bakin VGA a jikin 1050 Ti, ajiye shi. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke ciki. Haka nan tun Satumbar 2022, da Ethereum ta daina amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin kirifto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Wasu suna da sauran rai, wasu fankarsu ta gaji. Kada ka biya sai an kunna maka, ka bar shi ya yi zafi a gabanka. Araha ba ta ado.

Yanzu Wi-Fi. A wani kamfanin fata a Challawa an sayo katin Wi-Fi 6 mai guntun Intel AX200, za a saka wa kwamfutar ma'aunin manyan motoci. Katin ya zauna daram, amma kwamfutar ta ƙi ganinsa. Windows 7 ke kanta, shi kuwa AX200 direbansa daga Windows 10 mai bit 64 ya fara. Ba za a iya sauya Windows ɗin ba, don manhajar ma'aunin tsohuwa ce. Na ce wa mai kula da sito, "Malam, wannan ma ba ta kamata ta hau intanet ba." Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Kwamfutar da ke riƙe da ma'auni ko injin kamfani, tana kan tsohon Windows, haɗa ta da intanet tamkar barin ƙofar sito a buɗe ne da dare. Muka bar ta yadda take, katin ya koma kwamfutar akanta.

Wannan darasi ya shafi katin girafik ma: shiga shafin kamfanin da ya yi katin, ka ga ko akwai direban Windows ɗinka. GT 1030 yana da na Windows 7, ba shi da na XP. Ka kuma sauke direban Wi-Fi a filas tun kafin ka fara aiki, don kwamfutar da ba ta da intanet ba za ta sauke abin da zai ba ta intanet ba.

Akwai tarkuna uku ƙanana. AX200 da AX201 lamba ɗaya ce ta raba su, amma AX201 sai a wasu madabod na Intel da aka tanada dominsa, AX200 kuwa ba ya zaɓe. Katin da ke da Bluetooth yana zuwa da 'yar siririyar waya da ake sokawa a bakin USB na cikin madabod, in ba a soka ba Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth shiru. Sannan dubi abin da ke ba ka intanet ɗin: ƙananan MiFi da yawa a zangon Wi-Fi na 2.4 kawai suke aiki, sayen kati mai tsada dominsu ɓarnar kuɗi ce.

Ginin masana'anta kansa abokin gabar Wi-Fi ne. A wani sito a Bompai na tarar da kwamfuta a ƙarƙashin teburin ƙarfe, bayanta a jingine da bango, eriyoyinta biyu a matse tsakanin wayoyi, ga rufin kwano, ga kantocin ƙarfe har sama. Sun canza kati sau biyu. Eriya mai doguwar waya muka samo muka ɗora a kan kabad, magana ta ƙare. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, zangon 5 ya fi gudu amma a kusa. Inda kuma hali ya yi, ja waya. Kebul ɗin Cat6 yana kai mita 100, ba ruwansa da kwano ko ƙarfe, kuma kwamfutar da ba ta motsi daga inda take ba abin da ya fi mata shi.

In an gama sakawa, sai riƙo. Ƙurar hunturu da ta injin casar shinkafa tana toshe fankar kati, zafin bazara a Kano kuma yana haura digiri 40. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a riƙa hure ta da bulowa a kai a kai, ana riƙe fankar da yatsa. Sauyi tsakanin wutar gari da janareta yana gajiyar da fawa fak, wanda aka ƙara wa nauyin kati kuwa shi ke fara sarewa. UPS ba ƙawa ba ce a nan.

Roƙona ga manajoji, akantoci da matasa masu haɗa tasu da kansu: kafin ku nufi Beirut Road ko ku aika Ikeja, ku ɗauki hoto huɗu da waya. Lambar samfurin kwamfutar, ramukan madabod, takardar jikin fawa fak, da bakin wayar allo. Ku rubuta Windows ɗin da ke kai. Ku nuna wa mai shago, ku yi sharaɗin gwaji da mayarwa kafin kuɗi ya bar hannunku. 'Yan'uwana masu gyara da masu sayarwa kuma, mu ji tsoron Allah, mu tambayi mutum wace kwamfuta gare shi kafin mu miƙa masa kwali. Allah Ya sa albarka a neman kowa.