Darasi: Yadda Cutar Dankalin Turawa Ke Bijire wa Maganin Feshi

Jihar Filato ce ke samar da mafi yawan dankalin Turawa a Nijeriya, musamman daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Babbar barazana ga wannan ciniki ita ce cutar ƙonewar ganye, wadda ƙwayar Phytophthora infestans ke haddasawa. Tana bunƙasa cikin sanyi da laimar damina, tana kuma iya cinye gona cikin mako biyu. Ita ce ta jawo yunwar ƙasar Ayalan da ta fara a 1845, inda kimanin mutum miliyan ɗaya suka rasu.

Magungunan feshinta iri biyu ne. Na farko, kamar mancozeb, yana zama a bayan ganye, yana kai wa ƙwayar hari ta fuskoki da dama, saboda haka da wuya ta saba da shi. Sai dai ruwan sama yana wanke shi, kuma kariya kawai yake yi. Na biyu, kamar metalaxyl, yana ratsa jikin shuka, ya fi ƙarfi, amma ta fuska ɗaya tak yake kai hari. Idan aka yawaita fesa shi, ƙwayoyin da suka tsira su ne za su hayayyafa su mamaye gonaki.

Tarihi ya tabbatar da haka. Kamfanin Ciba-Geigy ya fito da metalaxyl a ƙarshen shekarun 1970 da sunan Ridomil, amma a 1980 ƙwayar ta riga ta bijire masa a Ayalan da Holan. Tun daga nan aka koma sayar da shi gauraye da mancozeb. Har ila yau, a 2022 an tabbatar da nau'in da ya bijire wa mandipropamid a Denmak. A 2019 kuwa, masu bincike sun bayyana samun nau'in EU_33_A2 a Filato, wanda a Turai aka san fluazinam ba ya yi masa cikakken tasiri.

Ga ɗan kasuwa, ma'anar wannan a fili take. Ƙarfin magani jari ne na kowa, kuma yana ƙarewa. Manomin da ya rage awo don tsimi, ko ya jira sai cuta ta kama kafin ya fesa, yana cin wannan jari. Idan magani ya daina aiki, kuɗin noma zai hau, farashin buhu ya tashi, kayan dillali su yi kwantai, bashin banki kuma ya maƙale.

Don haka ya kamata dillalai su tanadi magunguna masu hanyoyin aiki daban-daban, su duba sinadarin da ke jikin kwali maimakon sunan kamfani, domin sunaye biyu kan ɗauki sinadari guda. Masu ba da rance kuma su nemi ganin tsarin feshi na karɓa-karɓa da iri mai tsabta kafin su saki kuɗi.