Ma'aikaci da Binciken Niyyarsa

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ma'aikata kan zo mana da tambaya: albashi yana shiga amma zuciya ba ta natsu ba, shin su ajiye aikin? Mukan ce kada su yi gaggawa. Imamul Gazali, Allah Ya ji ƙansa, ya bar karantarwa a Nizamiyya ta Bagadaza a shekara ta 488 ta Hijira, domin ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne. To amma sai da ya tanadar wa yaransa abinci, kuma a 499 ya koma karantarwa a Naisabur. Shi ne ma ya lissafa likitanci da hisabi cikin farillan kifaya. Saboda haka akawu ko likitan da ya zo, mukan tambaye shi: wa zai tsaya gurbinka, me iyalinka za su ci?