Shigar da Umarnin Kwamfuta cikin Takardar Darasi ba tare da Gurɓata shi ba

1.0 Gabatarwa

Garin Kazaure ya daɗe da yin suna wajen koyar da ilimin kwamfuta a Jihar Jigawa. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu take, sannan a shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Saboda haka malamin da aka tura wata sakandare a Roni ko Gwiwa zai iya samun kansa yana shirya takardar darasi mai ɗauke da umarnin kwamfuta, wato jerin layukan da ake rubuta manhaja da su. Wannan darasi zai duba yadda manhajar rubutu irin su Microsoft Word ke ɓata waɗannan layuka, da hanyar kauce wa hakan.

1.1 Tushen Matsalar

An ƙera manhajar rubutu ne domin ta ƙawata zube, don haka takan yi wa mai rubutu gyaran da bai nema ba. Mutum yakan gane saƙo ko da an sauya wata 'yar alama, amma kwamfuta ba ta da wannan uzuri. A dubi wannan layi na harshen Python:

print("Sannu da zuwa")

Idan aka buga shi a Word, manhajar takan mayar da harafin farko babba, ya koma Print. Python kuwa yana bambanta babban baƙi da ƙarami, ba zai gane kalmar ba. Haka kuma takan sauya alamun zance miƙaƙƙu (" ") da lanƙwasassu (“ ”). A ido kusan ɗaya suke, amma kowace da lambarta a tsarin Unicode, kuma miƙaƙƙun kaɗai Python ya sani. Akwai kuma tazarar farkon layi, wadda bisa al'ada gurbi huɗu ce. A zube ado ce, a Python kuwa nahawu ce, domin ita ke nuna layin da ke ƙarƙashin wani. Da zarar ta goce, ko dai umarnin ya ƙi aiki, ko ya yi aikin da ba a nufa ba, wanda shi ne mafi muni.

Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗalibi. Zai kwafi abin da malaminsa ya ba shi harafi bi harafi, na'ura ta ƙi karɓa, sai ya ɗauka shi ne ba ya ganewa.

1.2 Alaƙa da Rubutun Hausa

Ɗalibin Hausa bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, domin ƙa'idar rubutunsa ta sha irin wannan wahala. Kafin Unicode ya yaɗu, marubuta sun dogara da salon haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Sun yi amfani ƙwarai, sai dai idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da su, haruffa masu lanƙwasa kan rikiɗe su koma wasu alamomi. Idan kuma mai bugawa ya ga ya huta ya zubar da lanƙwasar, sai ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari. Har yau Word kan juya alamar da ke farkon kalmar 'ya'ya ta fuskanci wani ɓangaren. A yanzu ɓ da ɗ da ƙ kowanne yana da lambarsa a Unicode, kuma Python 3, wanda ya fito a 2008, yana karɓar su a cikin alamun zance ba tare da tangarɗa ba.

1.3 Hanyar Kariya

Matakin farko shi ne kada a fara rubuta umarni a cikin Word. A rubuta shi a manhajar da ba ta ƙawata rubutu, kamar Notepad, a gwada shi a tabbatar yana aiki, sannan a kwafo. Kafin a liƙa, a shiga sashen AutoCorrect a kashe sauya alamun zance da mayar da harafin farko babba, a kuma hana binciken kuskuren kalmomi a wannan sakin layi. Sai a zaɓa masa salon haruffa mai faɗi ɗaya, kamar Courier New ko Consolas, domin tazara ta fito sarai, kuma a iya bambanta sifili da harafin O. Layin da ya yi tsawo a rage girman haruffansa, kada a bari ya karye biyu.

Wasu malamai kan ɗauki hoton allon kwamfuta su manna. Wannan yana kare siffa, amma ba a iya kwafo rubutu daga hoto kai tsaye, kuma bayan an yi masa fotokwafi sau biyu ko uku da wuya a rarrabe waƙafi da aya. Mayar da takarda PDF ma ba ya warkar da komai, domin tazara kan ɓace idan aka kwafo daga ciki. Abin da ya fi shi ne a haɗa wa ɗalibai ainihin fayil ɗin umarnin tare da takardar.

1.4 Aikin Gwaji

A buga layin da ke sashe na 1.1 a Word, a sauya saƙon zuwa "Ɗaki ya ƙare", a kwafe shi zuwa Python. A rubuta duk sauyin da manhajar ta yi, da saƙon kuskuren da ya bayyana.