Yadda A Ke Zaɓen Tsohon Injin Ɗaure Ciyawa

Ya ku manoma da dagatai, kowa ya san wahalar dabba da bazara, sa'ad da makiyaya ta ƙone, harawar da aka jibge bisa rufin ɗaki da rassan itatuwa kuwa ta ƙare, ko rana da gara sun ci rabinta. To, akwai wani inji da tarakta ke ja, shi ya kan kwashi busasshiyar ciyawa daga ƙasa, ya danne ta, ya ɗaure ta dami dami masu kusurwa huɗu kamar bulo. Sabonsa yana da tsada ƙwarai, saboda haka mai ƙaramar gona ya kan nemi na hannu. Ga abin da za ka duba kafin ka ba da kuɗinka.

Asalin injin nan ƙasar Amurka ne. Wani manomi na jihar Pennsylvania, sunansa Edwin Nolt, shi ya haɗa wanda ke ɗaure dami da kansa a shekarun 1930, kamfanin New Holland kuwa ya soma ƙera shi domin sayarwa a 1940. Maɗaurin da ke cikinsa ya girme shi, gama wani John Appleby ya fito da irinsa a ƙarshen shekarun 1870 domin ɗaure alkama. Tun daga nan ginin bai sake da yawa ba. Shi ya sa inji mai shekara 50 ya kan yi aiki har yau, kuma bakanike mai hankali ya kan gyara shi da kayan hannu.

Damin yawancinsu inci 14 ne da inci 18, tsawonsa wajen ƙafa 3, nauyinsa kilo 18 zuwa 27, watau mutum ɗaya ya ɗauka. Tarakta mai ƙarfin doki 35 ta isa, in sandar bayanta tana juyi 540 a minti. Waɗanda aka fi sani cikin tsofaffi su ne New Holland 273, da John Deere 24T da 336, da Massey Ferguson 124, da Welger da Claas na Jamus. Kada ka tsaya gardama a kan suna. Ka tambaya tukuna: wanne ne a ke samun kayan gyaransa kusa da kai, wanne ne kuma bakaniken garinku ya taɓa buɗewa? Inji nagari wanda ba a samun kayansa, ƙarfe ne kawai a gindin itace. Waɗansu tsofaffi da waya su ke ɗauri, ba igiya ba. Ka bar su, domin guntun waya in ya shiga tumbin saniya ya kan kashe ta.

Sa'ad da ka je wurin mai sayarwa, kada fenti ya ruɗe ka. Ran injin nan maɗaurinsa ne. Biyu ne, suna bisa akwatin da a ke danne ciyawa, kowane da igiyarsa. Cikin kowane akwai wani ɗan ƙarfe kamar bakin tsuntsu, shi ke murɗa igiya ya ƙulla ta, sa'an nan wata 'yar wuƙa ta yanke. Ka share ƙura da tsohon giris, ka duba bakin nan. In igiya ta ci shi har ta yi masa kwari, ko yana lilo in ka taɓa, ƙulli ba zai riƙa kamawa ba. Ka duba haƙoran da ke juya shi, ko sun cinye. Ƙarƙashin akwatin kuma akwai manyan basilla biyu masu lanƙwasa, su ke kai igiya sama wurin maɗauri. In ka ga walda a jikinsu, ka sani madanni ya taɓa tarar da su a hanya ya karya su, watau tafiyar injin ta taɓa saɓawa. Ka tambayi mai shi dalili, ka lura da amsarsa.

Sa'an nan, taraktar tana kashe, ka kama babban faifan ƙarfen da ke gaba ka juya shi da hannu sannu sannu. Madanni zai yi gaba ya komo kamar taɓarya a turmi. Ya kamata ya tafi sumul, ba kaɗawa gefe da gefe. In yana kaɗawa, boris ɗinsa ya mutu, wuƙarsa kuma ba za ta yanke ciyawa sosai ba, sai dami ya fito a karkace. Ka leƙa cikin akwatin ka ƙwanƙwasa gindinsa. Injin da aka bari a ruwa da ciyawa a cikinsa, tsatsa ta kan huda shi daga nan, gyaransa kuwa ya fi na maɗauri wuya. Yatsun da ke kwasar ciyawa da tayoyi da sarƙa ba su da wuyar sakewa, sai dai ka sa su cikin ciniki.

A jikin faifan nan akwai wani noti da aka yi shi musamman domin ya karye in dutse ko itace ya shiga, ya ceci sauran injin. Waɗansu su kan gaji da sakewa, su sa mai tauri. Wannan wauta ce, gama abin da ya karye bayansa ya fi shi tsada nesa. In ramin notin ya buɗe ya yi faɗi, injin ya sha wuya.

Gani ya kori ji. Ka ce a ɗaura shi ga tarakta ya yi dami 20 ko 30 a gabanka, ka ƙidaya waɗanda su ka kwance, ka ɗaga kowane da igiyarsa ka girgiza. Wanda ya ƙi yarda a gwada, ko ya ce ba ciyawa yau, ka yi masa sallama.

Sai kuma ka duba gonarka, domin an yi injin nan ne saboda fili shimfiɗaɗɗe. Kunya da kututture da suri su kan karya masa yatsu. Harawar gyaɗa da ta wake, sai a kwashe su a jera layi layi a wuri mai laɓɓa, injin ya bi. Bambaron shinkafa da na alkama yana ɗaure su da kyau, amma karan dawa ya yi masa kauri. Harawa in ta bushe ƙayau da hunturu, ganyenta ya kan kakkaɓe, ganyen nan kuwa shi ne abincin, don haka a ɗaure ta da sassafe. Ɗanyar ciyawa kuma kada a ɗaure ta. In ruwan jikinta ya wuce kashi 20 cikin 100 ta kan yi fumfuna, wani lokaci ma ta yi zafi har ta kama wuta a rumbu.

Ku dagatai, gona ɗaya ƙarama ba ta ba injin nan aikin da zai mai da kuɗinsa. Ya fi kyau mutanen gari su haɗa kai su saya, amma a damƙa shi ga mutum guda wanda zai koyi maɗaurinsa, ya sa masa giris, ya share akwatin ya ajiye shi a rumfa bayan kaka. Ku gargaɗe shi kada ya sa hannu ciki sai ya kashe tarakta, faifan kuma ya tsaya cik, a kuma kori yara daga wurin. Ranar da za a ɗauko injin, a karɓi littafinsa daga mai shi, a sayo irin notin nan goma, da basilla ɗaya ta ajiya.