Darasi na Goma Sha Biyu: Gyambon Ciki da Lafiyar 'Yan Gudun Hijira

Idan ka shiga Kasuwar Katako ta birnin Jos, inda ake cinikin katako da hatsi da gwanjo, ka tsaya kusa da shagon magani, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani ya ce, "A ba ni maganin olsa." Abin da ake kira olsa shi ne gyambon ciki, wato miki da ke fitowa a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Alamominsa sun haɗa da zafi a saman ciki, da kumburi, da yawan gyatsa, da tashin zuciya.

Mutane da yawa suna ɗauka yunwa ko yaji ko damuwa ke haddasa shi. Waɗannan suna iya tsananta zafin, amma manyan musabbabansa biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Na biyu kuwa yawan shan magungunan kashe zogi, irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac.

Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano ƙwayar a 1982. Da abokan aikinsu suka yi shakka, sai Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, cikinsa ya kamu da ciwo. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ƙwayar tana fitar da wani sinadari da ke rage kaifin ruwan asid na tumbi, ta samu wurin zama, sannu a hankali ta raunana bangon da ke kare shi. Yawanci tun ana yara ake kamuwa da ita, ta hanyar yawu ko gurɓataccen ruwa da abinci. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin komai, amma wasu tana kai su ga gyambo, kaɗan kuma ga sankarar tumbi.

Ana gano ta ta gwajin bahaya ko na numfashi, ko kuma likita ya zura na'ura ta baki ya duba tumbin. Maganinta haɗi ne: mai rage asid kamar omeprazole, tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, misali amoxicillin da clarithromycin, galibi na kwana 14. Farin ruwan maganin da ake saye a kemis yana kwantar da zafi kawai, ba ya kashe ƙwayar. Wanda ya daina shan magani don ya ji sauƙi yana ba ƙwayar damar bijire masa nan gaba. Aman jini, da baƙin bahaya kamar kwalta, da matsanancin ciwo na farat ɗaya alamomin haɗari ne. Mai irin wannan a gaggauta kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

To, mene ne haɗin wannan ciwo da gudun hijira? Rikice-rikicen Jos na Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 sun raba dubban mutane da gidajensu, suka fake a makarantu da masallatai da coci-coci da barikoki. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro wasu daga Borno da Yobe da Adamawa zuwa Filato. Inda jama'a suka cunkusu, ruwa mai tsabta da makewayi suka yi ƙaranci, nan ƙwayar ke samun hanyar yaɗuwa. Ka kuma tuna cewa wanda ya rasa gida da sana'a da wuya ya iya biyan kuɗin gwaji da maganin mako biyu. Sai ya koma ga ƙwayar kashe zogi mai araha, wadda ke ƙara faɗaɗa mikin.

Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta ɗora wa gwamnatoci alhakin samar wa waɗanda aka raba da muhallinsu abinci da ruwa da kula da lafiya. Kai ma kana da naka rabon: ka riƙa wanke hannu da sabulu, ka tafasa ruwan da ba ka amince da shi ba, ka kuma nuna wa baƙon da ke unguwarku hanyar asibiti. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ma'anar Kalmomi
Tumbi: jakar da abinci ke sauka cikinta bayan an haɗiye.
Musabbabi: abin da ke jawo faruwar wani abu.
Bijire: ƙin bi ko ƙin jin magani.
Makewayi: ban ɗaki.

Tambayoyi
1. Kawo manyan musabbaban gyambon ciki guda biyu.
2. Don me Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar?
3. Wace illa ke tattare da daina shan magani kafin lokaci?
4. Me ya sa jinyar wannan ciwo take yi wa ɗan gudun hijira wuya?

Aiki
Rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa, ka bayyana abubuwa uku da sansanin 'yan gudun hijira ke bukata domin kare lafiyarsu.